Wasiƙa daga Texas: ajin ƙididdiga da farashin kayan karatu

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaida Inna da yara da duk mutanen gida. Ka tambaye ni irin makarantar da nake koyarwa a nan Texas, da kuma ko kayan karatu sun fi na gida araha.

Kwaleji ce ta shekara biyu, wadda suke kira ta al'umma. Kuɗinta bai kai na jami'a ba, shi ya sa ma'aikata da masu ƙaramin ƙarfi da baƙi irinmu suka cika ta, kuma wanda ya gama yana iya wucewa jami'a ya ƙarasa digiri. Darasin ƙididdiga na matakin farko nake koyarwa, a ajin zaƙaƙurai, wato waɗanda makinsu ya yi sama aka ware su. Ajin ƙarami ne. Ban da jarrabawa, kowa sai ya yi bincike na kansa, ya tsaya gaban 'yan'uwansa ya kare shi. Wasunsu daga aikin dare suke zuwa aji, ko rintsawa ba su yi ba, amma tambayoyinsu kan sa ni komawa gida in sake nazari.

Maganar araha kuwa, a cire ta. Kalkuletar da aka fi amfani da ita, TI-84, tun 2004 take kasuwa, kuma sabuwarta ta haura dala 100. Casio ɗin da muke saye a Sabon Gari yana fitar da matsakaici da ma'aunin warwatsuwar lambobi, sai dai ba ya zana jadawali. Sa'ar ɗalibaina, laburaren kwalejinmu yana ba da aron kalkuleta har ƙarshen zango. Abin da ya fi ci min rai shi ne littafi. Yanzu masu buga littattafai lambar sirri suke sayarwa, wadda da ita ɗalibi zai shiga intanet ya yi aikin gida. Wa'adinta na cika ta mutu. Ka tuna littafin teburin lissafinka da na gada, ni ma na bar wa autanmu? A nan babu wannan gadon, kowane ɗalibi sai ya biya nasa.

Saboda haka na koma ga abin da ake samu kyauta, kuma a nan ne na ga inda suka yi mana nisa. Jami'ar Rice da ke Houston tana da shirin OpenStax tun 2012, inda ake wallafa littattafan kwaleji a saka a intanet ba ko sisi, har da na ƙididdiga. Manhajar nazarin alƙaluma mai suna R, wadda aka ƙirƙiro a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand, ita ma kyauta ce, kuma ƙwararru da ita suke aiki.

Sai uwa uba, alƙaluma. Amurka tana ƙidayar jama'a duk shekara goma tun 1790, ta baya-bayan nan a 2020, ga kuma binciken gidaje da hukumar ƙidayar ke yi kowace shekara. Ɗaliba takan zauna a laburare ta sauko da bayanan gundumarta, kuɗin haya da abin da gidaje ke samu, ta gano da kanta yadda 'yan attajirai kaɗan ke jan matsakaici sama, alhali adadin tsakiya, wato wanda ke faɗowa a tsakiya idan an jera lambobi daga ƙarami zuwa babba, bai motsa ba. Ba sai na ƙirƙiro mata misali a allo ba. Mu kuwa rabonmu da ƙidaya tun 2006. Yaron da aka haifa a shekarar ya isa shiga ajinka yanzu, amma yawan mutanen ƙaramar hukumarsa kiyasi kawai za ka iya ba shi. Wannan yana damuna ƙwarai, domin na san hazaƙar ɗalibanmu ba ta gaza ta waɗannan ba.

Don Allah Yaya, ka sauke littafin OpenStax ɗin ka raba wa ɗalibanka ta waya, da Turanci yake kuma bai da nauyi. Ka haɗa musu da rahoton farashin kayan abinci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa, su kwatanta da abin da za su tarar a kasuwar Dawanau. Idan sun tattara, ka turo min, ina so ajina su yi aiki da su a zango mai zuwa.

Ƙaninka.