Mai tura waƙa a Farm Centre da waƙar nan ta Sikotlan

Jama'a duk mai neman wanda zai tura masa tsofaffin waƙoƙin Turawa a memori, akwai wani yaro a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, wajen masu gyaran waya, wallahi ya san aikinsa. Ni dai waƙar mutanen Sikotlan nake nema, Auld Lang Syne, wadda suke rerawa daren shiga sabuwar shekara, na ɗan yi masa sautin da baki kawai sai ya ce "Yallaɓai ai na gane ta", ya zaro min kala-kala har da ta algaitar nan tasu mai jakar iska.

Abin da ya fi burge ni ya san tarihinta. Robert Burns, wani marubucin waƙoƙi ɗan Sikotlan, shi ne ya rubuta ta a 1788, amma shi da kansa ya ce a bakin wani tsoho ya ji ta, kuma ba a buga ta ba sai 1796 bayan ya mutu. Labarin ciki na tsofaffin abokai ne da suka haɗu bayan doguwar rabuwa, suna tuna yarinta, guje-guje a kan tsaunuka, tsinkar furanni, wasa a rafi tun safe, sai teku ta raba su. Akwai batun ɗaga kofi a ciki kam, wannan kuma al'adarsu ce.

Matsalata da shi, wasu daga ciki sautinsu ya dushe sai ka ƙure murya, kuma shagon ba wajen zama, a tsaye kake jira cikin rana. Amma kuɗinsa da sauƙi gaskiya.