Shagon katako da zafin bazara: me ya kamata ka lulluɓa wa bangonsa daga waje?

A Birnin Kebbi, Jega ko Argungu, daga watan Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 ko a inuwa. Kwanon da rana ta daka tun safe kuwa yana iya wuce digiri 60, ba ka iya ɗora masa tafin hannu. To shagon katako da aka kewaye da irin wannan kwano, tsakanin azahar da la'asar ba ya zaunuwa. Mai kemis ya fi kowa asara, domin yawancin magunguna an rubuta a jikin kwalinsu a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30. Mai sayar da lemo firjinsa ba ya hutawa, mai kiwon kaji kuma ya wayi gari yana kwasar matattu.

Ginin da ake magana a kai shi ne wanda ƙashinsa katako ne, tu-bai-tiri ko tu-bai-fo, aka buga masa kwano ko falanki. A Kanada da Amurka da Suwidin haka ake gina yawancin gidajen zama, kuma sukan ƙara abin tare zafi ta wajen bangon. Dalilinsu: idan an cusa shi tsakanin katakai kawai, zafi yana bi ta cikin katakon kansa ya wuce, don katako ya ninka abin tare zafin da ake cusawa wajen sau uku a saurin wuce da zafi. Mu a nan muna da ƙarin dalili. Shago ƙafa takwas ne ko goma, babu wanda zai yarda a ci masa inci huɗu ta kowane gefe, balle a ce ya sauke kanta da kaya kafin a fara aiki. Sai dai su can sanyi suke kora, suna riƙe ɗumi a ciki, mu kuwa rana ce matsalarmu. Don haka ba duk abin da ka gani a bidiyon intanet ne zai yi maka aiki a Bunza ba.

Kafin a je ga bango, a duba sama. A yankinmu rana tana bi ta tsakar ka, rufi ne ke shan mafi yawan zafin. In shagonka ba shi da silin, fara da shi. Bayan rufi sai bangon yamma, sannan na gabas. Na kudu da na arewa suna iya jira in aljihu bai kai ba.

Mafi arha ita ce zana, kuma kada a raina ta. Zanar gamba mai kauri da aka kafa nesa da kwano kamar taƙi ɗaya tana hana rana taɓa bango, iska kuma na ratsa ta. Ga ɗakin kaji a bayan gari ban ga abin da ya fi ta dacewa da kuɗinta ba. Illarta biyu: damina ɗaya ko biyu ta ruɓe, sannan wuta. A cikin kasuwa, inda shaguna ke manne da juna, ga wayoyin lantarki barkatai, ga mai shayi da rishonsa, zana a lokacin hunturu neman fitina ce. Ko ni ne maƙwabcinka ba zan yarda ba.

Yaɓen laka a kan ragar waya shi mutane suka fi tambaya, saboda kowa ya san sanyin ɗakin ƙasa. Amma sanyin nan daga kaurin bangon yake fitowa: zafin rana na ɗaukar sa'o'i kafin ya ratsa, ya iso ciki dare ya yi. Yaɓen inci biyu ba zai yi wannan aikin ba. Ga shi katako yana motsi, ya kumbura da damina ya tsuke da hunturu, laka kuwa ba ta bin sa, sai tsagewa. Ana iya ƙara ciyawa a kwaɓin, a shafe da makuba don ruwa, zai ɗan jima. Abin da ya fi damuna da shi gara ce, don laka ta ba ta hanya a ɓoye har cikin katakon, ba za ka sani ba sai ranar da ka jingina. Kuma in filin na haya ne, aka ce ka tashi, shagon da aka yaɓe ba ya ɗaukuwa.

Sai farin soso, irin wanda ake samu cikin kwalin sabon firji, wanda ake sayarwa falle-falle. Wajen tare zafi ba wasa: inci biyu nasa ya fi bangon bulo na inci tara nesa ba kusa ba. Ba shi da nauyi, wuƙa ke yanka shi, kowane kafinta zai iya aikinsa. Amma yana fara laushi tun kafin zafi ya kai digiri 100, yana cin wuta da baƙin hayaƙi, fetur kuma narkar da shi yake yi nan take, mai ajiye janareto a bayan shago ya lura. Gara ba ta cin sa a matsayin abinci, amma tana huda shi ta yi hanya, ɓera ma haka. Akwai ɗan'uwansa mai tauri, mai ruwan ɗorawa da takardar alminiyam a fuska biyu, wanda ya fi shi tare zafi, ya kuma fi shi tsada. Shi ma yana ƙonewa. Gobarar benen Grenfell a Landan, ranar 14 ga Yuni 2017, wadda ta ci rayuka 72, ta jikin kayan da aka lulluɓa wa ginin daga waje ta haura, kuma akwai irin wannan soso a bayansu. Wanda ya zaɓi soso, to ya rufe shi ruf da allon siminti ko kwano, kada a bar ko gefensa a buɗe, kada kuma wayar lantarki ta bi ta cikinsa tsirara.

Audugar dutse, wato zaren da ake yi da narkakken dutse mai kama da auduga, tana tare zafi kusan daidai da farin soso, amma ba ta kama wuta, sai zafi ya haura digiri 1000 take narkewa. Tana kuma rage ƙara, abin da mai shago a bakin tasha zai ji daɗinsa. Audugar gilashi, wadda ake yi da zaren gilashi, ta fi ta arha da sauƙin samu, sai dai ta fi laushi, in ba a ɗaure ta da kyau ba takan zame ta taru a ƙasa, saman bango ya koma fanko. Dukansu suna sa ƙaiƙayi, mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi. Dukansu kuma in ruwa ya jiƙa su amfaninsu ya ragu sosai. Sau da yawa sai an yi odarsu daga Kano ko Legas, ka lissafa kuɗin mota a cikin farashi.

Wanda na fi karkata gare shi ga yawancin masu shago shi ne mafi sauƙin bayani: bango biyu da iska a tsakani. A shimfiɗa takardar alminiyam mai ƙyalli a jikin tsohon bangon, ƙyallin na kallon waje. A buga siraran katakai a tsaye a kanta, kaurin inci ɗaya ko biyu, sannan a ɗora sabon kwano a shafa masa farin fenti. A bar ƙasa a buɗe, a bar sama a buɗe ƙarƙashin bakin rufi. Kwanon waje ya sha rana, iskar da ke bayansa ta yi zafi ta haura ta fice, wata ta shigo ta ƙasa. Takardar kuma, in tana da tsabta, tana mayar da fiye da kashi 90 cikin 100 na zafin da kwanon ke fesowa. Kamar malafa ce a kan hula. Kuskuren da kafintoci ke yi shi ne su manna kwanon a jikin takardar kai tsaye. In babu tazara, kuɗin takardar ya tafi a banza. Ƙurar hunturu tana dusashe ƙyallin a hankali, amma a bango ba ta taruwa kamar a rufi. Bakin sama da na ƙasa a sa musu ragar waya mai ƙananan ido, in ba haka ba ka gina wa ɓera da ƙadangare da zanzaro gida.

Mutanen Kebbi suna da wani abu a ƙofar gida: ɓuntun shinkafa. Tsibi-tsibi yake a bayan injinan casa daga Argungu har Yawuri. Busasshen ɓuntu da aka ɗura a tsakanin bango biyu yana tare zafi sosai, ba ya saurin ruɓewa, ba ya kuma tashi da wuta kamar ciyawa saboda yawan sinadarin yashi da ke jikinsa, ko da yake yana ci a hankali ta ciki. A tankaɗe dusar da ɓarzajjen hatsi, don su ke kiran ɓera. Yana zaunawa bayan 'yan watanni, a bar murfi a sama da za a riƙa ƙarawa.

To wa zai sayi me? Shagon da ba a sa masa na'urar sanyaya ɗaki ba, ƙofarsa a buɗe wuni guda, ba ya buƙatar soso mai kauri. Hasali ma soson na iya riƙe zafin firji a ciki da dare. Bango biyu da farin fenti sun ishe shi. Inda ake kunna na'ura, kamar kemis ko ɗakin ajiyar kayan sanyi, a nan auduga ko soso ke biyan kuɗinsu ta ragin man janareto, kuma in cikin kasuwa ne audugar dutse zan ce. A irin wannan ɗaki kada a shimfiɗa leda ta ciki bayan falanki yadda ake yi a ƙasashen sanyi. A watan Agusta laimar daga waje take shigowa, ta tarar da leda mai sanyi ta zama ruwa, katako ya ruɓe.

Kowanne ka zaɓa, kafin ka ba da kafin alƙalami ka ce wa kafintan: Malam, katakon nan a shafe shi da maganin gara ta kowace fuska, har bakin da zarto ya yanka, kafin a buga. A ɗaga shagon a kan bulo ko daɓen siminti aƙalla inci shida daga ƙasa, kuma lulluɓin ya tsaya sama da nan, yadda in gara ta fara gina hanyarta za a gan ta.