Iskar tayar motar lantarki: 42 ko 35?

Wani abokina ya kawo Tesla Model 3 Bauchi, muka ce mu ɗana ta. Takardar da ke liƙe a jikin ƙofar direba ta ce a sa wa taya iska PSI 42 (PSI shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya). Mai facin da muka tsaya wurinsa a Wunti ya girgiza kai: "Alhaji, 35 ta isa, zafin nan zai fasa maka taya." Da ƙananan motocin fetur ya saba. Wannan kuwa batirin da ke shimfiɗe a ƙarƙashinta ya sa ta yi nauyi sosai.

Muka gwada duka biyun.

A 35, daɗi kam akwai. Kwaltar Yelwa mai faci-faci ta zama kamar katifa. Amma sitiyari ya yi nauyi, motar na ɗan lilo a kwana, cajin kuma na zurarewa da sauri saboda taya ta baje tana jan ƙasa. Abin da mai faci bai lura ba, taya mai ƙarancin iska ita ce ta fi ɗaukar zafi, gefenta na lanƙwashewa a kowane juyi har ya gaji.

A 42 kowane rami sai ka ji shi a ƙugu, ga shi babu ƙarar inji da za ta rufe kukan taya. Sai dai a hanyar Jos motar ta miƙe sambal, tana bin hannu.

Ni dai 42 na zaɓa. A auna da sassafe kafin a tuƙa, domin da rana ta buɗe awon kan haura da 2 ko 3.