Ofishin nema wa ɗalibai gurbin karatu a waje: inda ya ƙware da inda ya gaza

Ofisoshin da ke nema wa ɗalibai gurbin karatu a ƙasashen waje sun yawaita a Kano, musamman a benayen kasuwanci na Titin Gidan Zoo da kewayensa, kowanne da allonsa ɗauke da tutocin Birtaniya da Kanada da Turkiyya da Indiya. Wanda zan yi bayani a kansa ɗaya ne daga cikinsu, kuma shi ne ya shirya wa ɗan yayata takardun karatun digiri na biyu a Ingila a zangon Satumban 2025. Na bi aikin tun daga farkonsa har yaron ya tashi, domin ɗawainiyarsa a wuyana take. Ra'ayina a kansu shi ne, a fagen takardun biza sun ci kuɗinsu da guminsu, amma a fagen zaɓen makaranta shawararsu ba abar dogaro ba ce, kuma ya kamata iyaye su rarrabe waɗannan ayyuka biyu kafin su miƙa ko sisin kwabo.

Wurin kansa ba shi da wani ƙawa, ɗakin jira ne da ɗakunan aiki, akwai lantarki mai amfani da hasken rana, kuma ana ba da rasit a kan kowane kuɗi da aka biya. Suna karɓar ladan aikinsu kashi biyu, rabi a farko, rabi bayan makaranta ta ba da gurbi, sannan sun rubuta ƙarara cewa ba su da iko a kan ofishin jakadanci kuma ba su yi alkawarin biza ba. Wannan rubutun kaɗai ya bambanta su da masu tallan da ke cika wayoyin mutane da alkawarin biza cikin mako guda.

Abin da ya fara gamsar da ni shi ne yadda ma'aikaciyar da ke kula da takardu ta bi sunan yaron. Ta jera sakamakon WAEC da takardar digiri da fasfo da katin NIN a kan tebur, ta ɗauki alƙalami tana bin harafi bayan harafi, sai ta gano cewa a wata takardar an rubuta Mohammed, a wata Muhammad, a ta uku kuma an ƙara sunan unguwarsu a matsayin sunan dangi. Wannan matsala ce da kusan kowane gida a nan yake da ita, domin mun saba rubuta suna yadda malamin firamare ko ma'aikacin rajista ya ga dama. Ta ce mini, "Alhaji, a gyara wannan tun yanzu, domin sunan da ke kan fasfo shi makaranta za ta sa a takardar CAS, kuma da shi za a nemi biza." CAS ita ce takardar tabbatar da gurbi da makaranta ke ba ɗalibi domin neman biza. Ta tura mu kotu aka yi takardar rantsuwa da ke tabbatar da cewa sunayen na mutum ɗaya ne, kuma babu wanda ya sake tayar da maganar har aka gama.

Inda suka fi amfani shi ne batun shaidar kuɗi, wanda a nan ne yawancin masu nema suke faɗuwa. Dokar Birtaniya ta ce sai ɗalibi ya nuna ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko, haɗe da kuɗin zama na wata 9, wanda a lokacin da muka nema fam 1,136 ne a kowane wata ga mai karatu a wajen Landan, fam 1,483 ga mai zama a Landan, kafin a ƙara su zuwa 1,171 da 1,529 a Nuwamban 2025. Dole kuɗin su zauna a asusu kwana 28 a jere ba tare da sun yi ƙasa da adadin ba ko da na yini ɗaya, kuma kada takardar banki ta wuce kwana 31 da fitowa a ranar da aka shigar da buƙata. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne, asusun dole ya zama na ɗalibin ne ko na mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko wanda doka ta ba riƙonsa, ko kuma abokin aurensa da ke da izinin zama a can ko yake neman biza tare da shi. Asusun kawu ko baffa ko yaya ba ya shiga, komai nauyin da suke ɗauka, alhali a tsarin zumuncinmu sau da yawa su ne masu biya. Saboda haka suka sa na tura kuɗin asusun yaron tun da wuri, suka kuma nace a ɗora wani abu a kai, domin ana lissafin naira zuwa fam ne bisa farashin ranar da aka nema, kuma duk wanda ke leƙa 'yan canji a Wapa ya san abin da naira ke iya yi cikin wata guda tun da aka sake ta a Yunin 2023.

A gabana wani matashi ya tambayi ma'aikaciyar ko za su haɗa shi da masu ba da aron kuɗi a ajiye a asusu na ɗan lokaci, ko kuma masu "gyara" takardar banki. Ta ƙi kai tsaye, ta shaida masa cewa ana iya tuntuɓar banki a tabbatar, kuma wanda aka kama da takardar bogi yana iya fuskantar haramcin shiga ƙasar na shekara 10. Ta ƙara da cewa ɗalibi ba shi da izinin aiki fiye da awa 20 a mako lokacin karatu, kuma abin da zai samu ba zai biya kuɗin makaranta ba. Gaskiya ta faɗa masa, domin a 2024 an ga yadda wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside suka kasa cika kuɗin makaranta bayan faɗuwar naira, har aka dakatar da karatunsu. Na yaba da wannan tsayuwa ƙwarai, domin matashin kwastoma ne da kuɗinsa a hannu, kuma sun bar shi ya tafi.

Sauran aikin ya tafi yadda ya kamata. Sun tsara ranar gwajin tarin fuka a asibitin hukumar kula da ƙaura ta duniya (IOM) da ke Abuja kusa da ranar ɗaukar zanen yatsu, suka tunatar da mu cewa takardar gwajin wata 6 take aiki, suka kuma yi wa yaron atisayen tambayoyin da makaranta ke yi kafin ta ba da CAS, ba tare da sun haddatar da shi amsoshi ba.

Ƙorafina na farko a kan lissafi ne. A takardar ƙiyasin da suka ba mu sun rubuta kuɗin biza fam 524, wanda daidai ne a lokacin, sai kuɗin kiwon lafiya fam 776, wanda na shekara ɗaya ne. Amma bizar mai karatun wata 12 tana zarce shekara, domin ana ƙara masa 'yan watanni bayan kammalawa, don haka abin da shafin gwamnati ya nema shi ne na shekara ɗaya da rabi, wato fam 1,164. Bambancin ba ƙaramin kuɗi ba ne idan aka mayar da shi naira, kuma sai ranar biya muka sani. Ofishin da ke wannan aiki kullum bai kamata ya bar irin wannan giɓi a takardarsa ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Jami'o'i da dama suna biyan irin waɗannan ofisoshi kamasho a kan kowane ɗalibi da suka kawo, kuma ba laifi ba ne a kansa, amma ba su faɗa mana ba sai da na tambaya. Jerin makarantun da suka fara ba mu duk na abokan hulɗarsu ne, kuma da yaron ya ambaci wata jami'a da ya bincika da kansa ya ga ta fi ƙarfi a fanninsa, sai shugaban ofishin ya riƙa kawo uzuri iri-iri, wai tana jinkirin amsa, wai garin da tsada. Da muka tsaya a kan ra'ayinmu sun yi aikin, kuma gurbin ya fito ba tare da wata wahala ba. Abin da ke damuna shi ne iyalin da ba su da mai bincika musu, waɗanda za su ɗauki jerin nan a matsayin zaɓin masani, su yi wa rogo kallon kitse.

Wannan rauni ya fi haɗari ga masu neman likitanci, waɗanda su ne da yawa a ɗakin jiran. Na ji ana yi wa wani dattijo bayanin makarantu masu sauƙin kuɗi domin 'yarsa, an yi maganar ɗakin kwana da abinci da kusancin masallaci, amma ban ji an ambaci cewa duk wanda ya karanta likitanci a waje sai ya ci jarrabawar hukumar kula da aikin likitanci ta ƙasa (MDCN) kafin ya yi aiki a Najeriya ba, ko kuma cewa sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance digirin waje kafin a tafi hidimar ƙasa. Mutanen Kano ba baƙi ba ne ga wannan darasi. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo bayan binciken ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian, wanda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. Kafin nan an kwaso ɗalibanmu daga Yukren a 2022, daga Sudan a 2023, da yawansu karatu ya yanke a tsakiya. Mai ba da shawara na gaskiya shi zai fara kawo tambayar ko za a amince da takardar a gida, da kuma makomar ɗalibi idan ƙasar ta rikice, tun kafin a zo maganar farashi.

Bayan fitowar biza kulawarsu ta yi sanyi, waya ba ta shiga da sauƙi, kuma taron bankwana da suka yi wa ɗalibai bai wuce nasihar a sayi rigar sanyi ba. Masauki yaron da kansa ya nema ta hanyar ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta makarantar. Sun dai yi adalci da suka gaya wa wani magidanci tun farko cewa daga Janairun 2024 mai digiri na biyu na aji ba ya iya tafiya da iyalinsa, sai mai karatun bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa.

Zan iya tura mutum wurinsu idan ya riga ya zaɓi makarantarsa kuma yana neman wanda zai tsare masa takardu, musamman wanda sunayensa suka saɓa ko kuɗinsa ke hannun dangi. Wanda bai san inda ya dosa ba ya fara zama da malamansa na jami'a da waɗanda suka yi karatun suka dawo. Idan an je, a tambaye su kai tsaye waɗanne makarantu ne ke biyansu kamasho, a biya kuɗin makaranta a asusun makarantar ba ta hannunsu ba, a kuma tabbatar cewa adireshin imel da aka yi rajista da shi na ɗalibin ne, shi ke riƙe da lambobin sirrinsa, domin ta nan makaranta da ofishin biza za su riƙa aiko masa da saƙo har bayan ya isa.