Kallon Kotoko a filin Baba Yara a farkon kaka: me tikitinka ke saya maka?

Duk Lahadin da Asante Kotoko za ta yi wasa a gida, gardama ɗaya ce ke tashi a majalisun unguwannin Aboabo da Asawase da Alabar na birnin Kumasi a Gana: a tafi fili ko a zauna gidan kallo? Masu cewa a zauna hujjarsu biyu ce. Wai ƙungiyar ba ta kama hanya ba tukuna, kuma ko ka je kujeru za ka tarar wayam. Ra'ayinmu shi ne kuɗin tikitin Baba Yara ba ya faɗuwa ƙasa banza, ko da a makonnin farko ne da ƙafafun 'yan wasa ba su gama warwarewa ba. Sai dai akwai wahalhalun da ya kamata mutum ya sani kafin ya baro gida, kuma a ganinmu su ne ke korar jama'a fiye da sakamakon wasa.

Batun kujeru wayam ɗin nan akwai yaudarar ido a ciki. Filin yana ɗaukar mutum dubu 40 da 'yan kai. Idan mutum dubu 10 suka shiga, kashi ɗaya ne kawai cikin huɗu, sauran kashi uku roba ce zalla tana sheƙi a rana, kuma ita kyamara ke ɗauka. Waɗannan dubu 10 ɗin da a ƙaramin fili aka zuba su, da an ce an cika maƙil. An gina wurin ne don manyan ranaku, irin ranar da Black Stars, ƙungiyar ƙasar Gana, ta lallasa Masar 6-1 a watan Oktoban 2013, ko canjaras ɗin da aka yi da Najeriya a Maris 2022. Ba adalci ba ne a auna wasan mako na uku da wata ƙungiyar tsakiyar teburi da wannan ma'auni.

Sai maganar ƙoƙarin ƙungiya. Gasar firimiyar Gana ƙungiyoyi 18 ne, wasa 34 kowacce, maki 102 ke nan a ƙasa. Wasa biyar na farko maki 15 ne kacal. Amma da zarar an yi canjaras biyu a jere, sai ka ji ana kiran gidajen rediyo ana neman kan koci. Wannan gaggawa tana da tushe, ba mu raina ta ba: ƙungiyar da aka kafa tun 1935, ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 1970 da 1983, magoya bayanta ba su saba da haƙuri ba. To amma gasar ta canza. Bayan kofin da Kotoko ta ɗauka a 2022, Medeama ce ta ɗauka a 2023, Samartex a 2024, Bibiani Gold Stars a 2025, kuma dukkansu ukun karonsu na farko ke nan. Zuwa wasa a gidajen irin waɗannan ƙungiyoyi, Tarkwa ko Samreboi ko Bibiani ko Dormaa, ba yawon buɗe ido ba ne yanzu. Maki ɗaya da aka ƙwato a can ya fi ƙarfin a kira shi faɗuwa.

Wanda ke son ya gane ko ƙungiya za ta yi kyau a kakar nan, a fili zai gane, ba a teburi ba. Daga kujera mai tsayi kana ganin abin da talabijin ba ta nunawa. Dubi tazarar da ke tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya idan an ƙwace ƙwallo: in ta buɗe har abokin hamayya ya karɓa ya juya ba mai matsa masa, sababbin 'yan wasa ba su san juna ba tukuna, kuma wannan yana gyaruwa da wasanni. Dubi bugun kwana, waye ke riƙe da waye, ko kuwa kowa ƙwallo yake kallo. Dubi minti 20 na ƙarshe. Idan 'yan gefe suka daina dawowa taimakon baya, suna tafiya hannu a ƙugu, matsalar ƙarfin jiki ce daga atisayen share fage, kuma wannan ta fi wancan wuyar magani. A shekarar da ƙungiya ke buga wasannin share fagen Afirka a Satumba da Oktoba, gajiyar tafiya ma tana bayyana a nan.

Yanzu tikiti. Kujerun kashi-kashi ne: Popular Stand ta bayan raga ita ce mafi araha, sai Centre Line, sai VIP da VVIP. Farashi yana hawa idan Hearts of Oak, babbar abokiyar hamayya daga Accra, ce baƙuwa. A 'yan shekarun nan an shigo da sayen tikiti ta waya a biya da MoMo, wato asusun kuɗi na waya, kuma tsarin yakan sauya daga kaka zuwa kaka, don haka a saurari sanarwar kulob a makon wasan. Inda mutane ke shan wahala shi ne su bari sai sun iso bakin ƙofa kafin su saya. Dubban wayoyi a wuri ɗaya, layi ya yi nauyi, kuɗi ya fita daga asusu amma saƙon tikitin ya yi jinkiri, ga na baya suna turawa. Saya tun da safe daga gida. Idan saƙon ya shigo, ɗauki hotonsa a wayar, ka tabbata batir ya kai rabi. Kada ka tura wa kowa lambar, domin wanda ya riga shiga da ita shi ne mai kujera. Kada kuma ka sayi tikiti a hannun wanda ya tare ka a titi yana cewa ya fi sauƙi, ko ka miƙa wa wani 'yan sidi ya zura ka ta gefe. Wannan kuɗin ba ya isa ga kulob, kuma kai ma ba a ƙirga ka cikin 'yan kallo ba, sai gobe a ce Kumasi ta daina zuwa fili.

Wasan Lahadi yawanci ƙarfe 3 na yamma ake take shi. Ka iso ƙarfe 1 da rabi zuwa 2 idan wasa ne na yau da kullum, idan na Hearts ne kuwa tun kafin azahar. Cunkoson ƙofa kusan kullum a rabin sa'ar ƙarshe yake haɗuwa, saboda kowa ya tsaya ya ga ƙarshen wasan Ingila. Nan ma wani babban dalilin ƙarancin jama'a yake: a Satumba da Oktoba manyan wasannin Ingila na Lahadi suna faɗowa ƙarfe 1 da kuma 3 da rabi agogonmu, wato sun sa wasan Kotoko a tsakiya. Saurayin da ke da kuɗin abu ɗaya, ga gidan kallo a ƙofar gidansu da fanka da benci, ga kuɗin mota da tikiti da ruwa a ɗaya hannun, ba sai an tambaye shi ba. Da masu tsara jadawali za su riƙa kai wasu wasannin gida yammacin Asabar ko dare a ƙarƙashin fitila, muna ganin da an ga bambanci.

La'asar tana shiga ne ana cikin zagayen farko. Yi alwala tun daga gida ko kafin ka hau matakala, ka riƙe ƙaramar darduma mai naɗewa. Hutun rabin lokaci minti 15 ne, ya isa raka'a huɗu idan ba sai ka nemi ruwa ba. Wanda ya bari sai lokacin zai yi alwala, zagaye na biyu zai fara ba shi.

Wurin zama kuwa, ga shawararmu. Filin yana da hanyar tsere kewaye da ciyawa, don haka bayan raga ya yi nisa da wasa. Daga can kana ganin ragar gabanka sarai, ɗaya ragar kuma sai dai ka ji ihu. Amma a nan ganguna suke, a nan 'yan circle, wato ƙungiyoyin magoya baya, ke haɗa waƙa, kuma idan aka ɗaga "Kum apem a, apem beba", ka kashe dubu, dubu za su zo, har cikin ƙirji kake jin ta. Mai son karanta wasa ya ƙara kuɗi ya hau Centre Line, layi na sama-sama. Rufi a ɓangaren manya yake, sauran wurare sarari ne, kuma farkon kaka yana haɗuwa da ruwan Satumba zuwa Nuwamba. Hula da rigar ruwa ta leda sun fi lema, don lema tana tare wa na baya kuma tana jawo cacar baki. Mai zuwa da yara ko iyali ya zauna kusa da mafita, nesa da tsakiyar masu ganga.

Ciyawar filin ita ce abin da ya fi ci mana rai. A Satumba 2024, bayan wasan da Angola ta ci Gana 1-0, hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta janye amincewarta da filin saboda lalacewar ciyawa. Fili mai faci-faci yana cutar ƙungiyar da ke son ƙwallo a ƙasa fiye da baƙon da ya zo tare gida: fasin da ya kamata ya tafi santsi sai ya yi tsalle, ɗan wasa ya taɓa sau biyu maimakon ɗaya, 'yan kallo su hau shi da zagi alhali laifin ƙasa ne. Wurin da ke ɗauke da sunan Baba Yara, Osman Seidu, sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma, tsohon ɗan wasan Kotoko da aka sa wa filin sunansa, ya cancanci ciyawar da ake kula da ita kullum, ba sai baƙi za su zo ba. Sunan ma kowane Bahaushe ya ji ya san ba baƙo ba ne a kunnensa.

Tsaro ba abin wasa ba ne a ƙasar da ta rasa mutum fiye da 120 a filin Accra ranar 9 ga Mayu 2001, kuma ta dakatar da gasa a Fabrairun 2025 bayan kashe wani mai goyon bayan Kotoko a Nsoatre. Binciken ƙofa yana ɓata lokaci, amma a ba jami'ai haɗin kai. Idan rafali ya yanke hukuncin da bai yi daɗi ba aka fara jifa da ledar ruwa, matsa daga wurin. Jifan nan tara yake jawo wa kulob, wani lokaci har a hana shi wasa a gida.

In an tashi, kada ka ruga ƙofa tare da kowa. Zauna minti goma matakala ta sarara, waya a aljihun gaba. Motoci sukan cushe a kewayen filin, don haka ga mai komawa Asawase ko Aboabo ya fi sauƙi ya taka zuwa Amakom ya nemi mota daga can. Wasan da aka fara ƙarfe 3 yana ƙarewa wajen ƙarfe 5, kuma da wannan lissafin za ka riski magariba a masallacin unguwa.