Ziyarata gidan da aka haifi Gustav Holst a Cheltenham

Shekara 11 na yi ina riƙe da alli kafin Allah ya kawo ni Ingila ƙaro karatu, don haka duk inda na ji an ce wani malamin makaranta ya yi suna a duniya, sai hankalina ya koma can. Abin da ya sa ke nan wata Asabar na hau jirgin ƙasa daga Birmingham zuwa Cheltenham, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, don in ga gidan da aka haifi Gustav Holst, mai tsara kiɗa kuma malamin kiɗa, a 1874. Yanzu gidan tarihi ne, suna kiransa Holst Victorian House, yana kan titin Clarence a unguwar Pittville.

Wanda ke tsammanin katafaren gini ya sauke wannan tsammanin tun daga tasha. Gida ne siriri a cikin jerin gidaje, hawa bisa hawa. A ƙasa akwai kicin da wurin wanki irin na zamanin Sarauniya Biktoriya, can sama kuma ɗakin yara. Holst bai daɗe a ciki ba. Mahaifiyarsa ta rasu a 1882 yana ɗan shekara 7, daga nan iyalin suka tashi. Mahaifinsa, Adolph, shi ma malamin kiɗa ne, gado ke nan.

Inda na fi daɗewa shi ne gaban fiyanonsa, wanda ya yi amfani da shi wajen tsara mafi yawan The Planets, shahararren kiɗansa da kowane kashi yake ɗauke da sunan wata duniya ta sararin samaniya, tsakanin 1914 da 1917. Ba wani kayan ƙawa ba ne. Abin da ya tsayar da ni labarin hannun mai shi ne. Tun yana saurayi ciwon jijiya ya kama masa hannun dama, burinsa na zama gwanin fiyano ya rushe, ya koma busa turambon, wani ƙahon tagulla mai zamiya, yana samun na abinci a ƙungiyoyin makaɗa. Akwai lokutan da ko alƙalami ba ya iya riƙewa sosai, sai abokan aikinsa mata na makaranta su taya shi rubuta kiɗan da kaɗa shi a fiyano don ya ji yadda ya fito.

A nan ne gidan ya ba ni abin da na zo nema. A 1905 Holst ya karɓi aikin koyar da kiɗa a makarantar 'yan mata ta St Paul's da ke Hammersmith a Landan, kuma bai ajiye shi ba har ya rasu a 1934. Shekara 29 ke nan. Daga 1907 zuwa 1924 yana kuma koyarwa da yamma a Kwalejin Morley, inda ɗalibansa ma'aikata ne da suka wuni a wurin aiki. Kiɗan da duniya ta san shi da shi, a ƙarshen mako da lokacin hutun makaranta ya rubuta shi, a wani ɗaki da makarantar ta gina masa a 1913 wanda ƙara ba ta shiga. Duk malamin da ya taɓa kwana yana makin takardu ya san nauyin wannan. Ni kam sai da na ji ƙwalla ta taru mini, domin na san yadda aji yake shanye mutum har ya dawo gida ba shi da sauran magana a baki.

Kuma bai ɗauki yaran a matsayin abin da ke tare masa hanya ba. Kiɗan St Paul's Suite saboda 'yan makarantar ya tsara shi, daidai ƙarfin hannunsu, amma bai rage masa daɗi ba. Bayan Adrian Boult ya jagoranci kaɗa The Planets karon farko a zauren Queen's Hall na Landan a watan Satumban 1918, suna ya zo wa Holst, shi kuwa bai ji daɗin hayaniyar ba, ya ci gaba da shiga aji.

Wasu abubuwan kan hanya na tsince su. Ya koyi Sanskirit, tsohon harshen Indiya, don ya fassara waƙoƙin Indiya na dā da kansa. Ya je Aljeriya a 1908 neman lafiya, ya ji wani mai sarewa a titi yana maimaita 'yar gajeriyar busa guda ba ƙaƙƙautawa, ya dawo ya gina ɓangaren ƙarshe na kiɗansa mai suna Beni Mora a kanta. Wannan kam kunnena bai ji shi baƙo ba.

Shawarata ga mai niyyar zuwa: ka saurari The Planets tukuna, duka kashi 7 ɗin, kada ka tsaya a Mirrihi da Mushtari da kowa ya sani. Zuhal ne Holst ya fi so, mai tafiyar hawainiya irin ta tsufa. Awa ɗaya da rabi ta ishe ka zagaya gidan a natse, kuma in za ka zo da dattijo ka tuna tsohon gida ne mai matakala da yawa. Zan koma, in Allah ya yarda, da 'yata.

Da na fito na taka zuwa lambun Imperial Gardens a tsakiyar gari, inda mutum-mutuminsa yake tsaye a kan maɓuɓɓugar ruwa. Sandar jagorantar makaɗa a hannun hagu take.