Lady Heather da tsohon Thunderbolt: mako uku ina zargin janaretan maƙwabcina

Manhajar kyauta ce, don haka ba kuɗina nake yi wa kuka ba, barcina nake yi wa kuka. Wata biyar ke nan ina amfani da Lady Heather, manhajar sa ido da saiti, a kan tsohon Trimble Thunderbolt ɗin da na sayo na hannu, wato akwatin da ke bin taurarin GPS yana fitar da daidaitaccen siginal na megahaz 10 da bugu ɗaya a kowace daƙiƙa, kuma har yau in aka tambaye ni ko ina son ta sai na ɗan yi jim kafin in amsa.

Abin da ya kai ni shi ne QO-100, sashen da masu sha'awar rediyo ke hira ta cikinsa a kan tauraron ɗan adam na Es'hail-2. Duk wanda ya taɓa sauraron tauraron nan na Es'hail-2 ya san ciwon: siginal na saukowa a wajen gigahaz 10, kuma a wannan tsayin kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan kaɗai ya isa ya jefa ka kilohaz 10 gefe. Kana magana da mutum, rana ta ɗan yi zafi a kan dish, sai ka ji muryarsa ta koma ta agwagwa. Ga kuma na'urar ƙidayar mita da ke kan tebur ɗina, wadda na daɗe ba na yarda da ita. Ina son siginal na megahaz 10 guda ɗaya a gidan nan da zan iya rantsuwa a kansa, in daidaita sauran na'urorin da shi. Sai na sayi akwatin, irin waɗanda aka ciro daga tsofaffin turakun waya a Amurka, na haɗa masa wutarsa kala uku, bolt 5 da 12 da kuma 12 na ƙasa da sifili, na hau kwano na ɗaure eriya a jikin bututun tankin ruwa.

Ranar farko ma da ƙaramin tsoro aka fara. Mai kayan ya turo min wata tsohuwar manhaja, na kunna a watan Satumbar 2024, sai ta ce min muna cikin Fabrairun 2005. Na ce shi ke nan, an sayar min da gawa. Da na ɗora Lady Heather sai ga kwanan wata daidai, ba tare da na taɓa komai ba. Ashe GPS makonni yake ƙirgawa tun daga 6 ga Janairun 1980, kuma gurbin ƙirgar ba ya ɗaukar fiye da mako 1024, wajen shekara 19 da rabi da 'yan kai. In ya cika sai ya koma baya. Irin wannan akwatin nasa ya cika tun ƙarshen Yulin 2017. Manhajar ta san da haka, ita ke ƙara makonnin da kanta. Ta kuma nuna daƙiƙa 18 ɗin nan da ke tsakanin agogon GPS da agogon duniya. A ranar na ce wannan ta san aikinta.

To, ga abin da ya cinye min wata guda.

Da rana komai lafiya lau. Akwatin na riƙe da taurari bakwai ko takwas, wanda shi ne iyakar abin da yake iya bi, layin da ke nuna bugun daƙiƙa yana kwance kamar tabarma, yana ɗan rawar nanosakan kaɗan. Amma da zarar an idar da sallar Isha'i, wajen takwas zuwa goma na dare, sai allon ya haukace. Ƙarfin siginal na tauraro ɗaya ya faɗi, ya dawo, na wani ya faɗi. Layin ya yi tsalle sama ya yi ƙasa kamar haƙoran zarto. Wani dare na ga taurarin da yake amfani da su sun ragu zuwa uku. Bayan tsakar dare kuma sai komai ya lafa, gari ya waye kamar ba a yi ba.

Wa zan zarga? A daidai wannan lokacin ne maƙwabcina yake tayar da janaretansa, wani tsoho mai tari wanda in ya tashi har rediyon uwargida sai ta yi shuuu. Ban ko yi shakka ba. Na sa zoben ferayit, mai tace hayaniyar lantarki, a kan duk wata waya da ke shiga akwatin. Na canja kebul ɗin eriya gaba ɗaya. Na mayar da komai kan batir, na cire shi daga wutar gida. Ba abin da ya canja. Ranar wata Asabar na daure na tare maƙwabcin a ƙofar masallaci bayan La'asar.

Na ce, "Alhaji, don Allah wata alfarma nake nema. Janaretan nan naka, ko za a ɗan matsar da shi daga jikin katanga? Yana shiga min aiki."

Ya dube ni ya ce, "Malam, wane irin aiki ne hayaƙi ke shiga ta cikin bulo?"

Na yi ta bayani, taurari, siginal, nanosakan. Ya saurare ni har ƙarshe saboda mutumin kirki ne, ya ce babu komai, ya sa yaransa suka ja shi zuwa can bakin garejin. Daren nan na zauna gaban allo da shayi ina jiran in ga nasara. Ƙarfe takwas da kwata, haƙoran zarto suka dawo, har sun fi na jiya tsini.

Daga nan fushin ya koma kan mai kayan. Na rubuta masa saƙo uku a dare ɗaya, wanda in na tuna da na ukun har yanzu kunya nake ji. Na ce masa ya san akwatin na da ciwon zafi ya ɓoye, na ce a dawo min da kuɗina. Uwargida kuwa in ta leƙo ta gan ni na ƙura wa allo ido sai ta ce, "Maigida, agogon bangon nan fa bai taɓa sa mu makara sallah ba." Ba ni da amsa.

Manhajar ce ta wanke su duka biyun, kuma a nan ne na ji ta shiga raina. Tana da taswirar sama, da'ira mai nuna inda kowane tauraro yake da ƙarfin siginal ɗinsa, tana kuma nuna matsayin rana da lokacin faɗuwarta. Na matse zanen kwana uku a allo ɗaya, sai abu biyu suka fito fili. Na farko, rikicin ba ya kama taurarin gaba ɗaya. Da janareta ne ko wutar akwatin, da duk tare za su faɗi. Amma sai ka ga biyu da ke wani sashen sama suna shan wahala, sauran suna lafiya, bayan rabin awa kuma ciwon ya koma kan wasu. Na biyu, akwai daren da aka bar mana wuta har safe, unguwa tsit babu janareta ko ɗaya, kuma a daren ne abin ya fi muni. Ga layin zafin akwatin a kwance, ga layin wutar da ke tuƙa ƙiristal ɗin da ke samar da megahaz 10 a cikinsa yana bin umarni yadda ya kamata. Akwatin ba shi da laifi. Daga sama abin yake zuwa.

Sai da na koma karatu na gane. Mu nan arewa muna zaune kusa da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, wanda a Afirka ta Yamma ya hauro arewa da ikwaita sosai. Bayan faɗuwar rana, sashen sama mai cajin lantarki, can sama da kilomita ɗari biyu, yana yin wasu ramuka kamar kumfa da ke tasowa. Siginal ɗin GPS na megahaz 1575.42 in ya ratsa gefen kumfar nan sai ya rinƙa ƙyaftawa, kamar yadda tauraro ke ƙyaftawa a ido. Abin ya fi tsanani a watannin da dare da rana ke daidaita, wajen Maris da Afrilu, da kuma Satumba da Oktoba, ya kuma fi muni in rana na kan ganiyarta. Ni kuwa na zaɓi in fara wasana dab da Oktobar 2024, watan da NASA da hukumar yanayi ta Amurka suka sanar cewa rana ta kai ganiyar zagayenta na shekara 11. Akwatina kuma mita ɗaya tak yake ji, ba shi da ta biyu da zai gwada ya gyara. Mutanen Turai da Amurka da suke ta yabon irin wannan akwatin ba su cika haɗuwa da wannan ba, shi ya sa duk shawarwarinsu a kan bishiya da inuwar gini suke ƙarewa.

Maganin ma a cikin manhajar na samu. Daga masana'anta akwatin yana gyara ƙiristal ɗinsa a kan ma'aunin daƙiƙa 100, wato yana saurin gaskata abin da sama ta faɗa masa. Na ja shi zuwa 500, don in sama ta fara surutu ƙiristal ɗin da ke cikin 'yar tandarsa ya yi kunnen uwar shegu da ita. Na ɗaga iyakar da yake karɓar taurari, ya daina sauraron waɗanda suke can ƙasa-ƙasa kusa da rufin mutane. Haƙoran suna nan a layin bugun daƙiƙa, amma megahaz 10 ɗin da nake buƙata ya daina bin su da gudu. Da a ce a daren nan aka ce in ba ta maki, biyar cikin biyar zan ba ta har da addu'a.

Sai dai bari in tuna da daren da ta ƙona min rai, don yanzu da nake rubutu abin ya dawo min sabo. Daren da na ce an bar mana wuta, wanda shi ne hujjata mafi ƙarfi, zanen da nake son in nuna wa abokan rediyo in kuma tura wa mai kayan in ba shi haƙuri da shi, babu shi. Manhajar tana tara zanen ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta kawai. Sai ka umarce ta da kanka sannan take rubutawa a fayil. Washegari da hantsi aka ɗauke wuta, batirin tsohuwar laftof ɗin bai kai minti goma ba, komai ya tafi. Manhajar da ta iya lissafin matsayin wata, ta iya nuna maka kwanan watan Hijira da na wasu al'ummu da ban taɓa ji ba, a ce ba ta ajiye abin da ta gani sai an roƙe ta? An rubuta ta ne don gidajen da wuta ba ta ƙyaftawa, wannan a bayyane yake. Haka ma auna matsayin eriya na awa 48: sau biyu ina farawa, na farko batirin inbata ya ƙare a dare na biyu, tanda ta huce, na koma farko.

Ga kuma fuskarta. Baƙin allo, rubutu ƙanana kala-kala cunkushe kamar takardar maganin asibiti, lambobi ta ko'ina. Kusan komai da harafi ake yi, ka danna wannan ka bi shi da wancan, S sannan P don dogon awo, alamar & don shiga saitin ƙiristal. Bayanin umarnin kuwa dogo ne kamar ba zai ƙare ba, kuma an rubuta shi ne don wanda ya riga ya sani. Na yi sati ina neman yadda zan sa ta nuna agogon Najeriya maimakon na Girinwich, awa ɗaya kacal. Kebul ɗin USB mai komawa siriyal ma sai da na sayi na biyu, ko da yake wannan laifin ɗan kasuwar da ya sayar min da jabu ne.

Abu ɗaya da ba zan hana ta ba, tana gani. Da hunturu ya shigo, in aka buɗe ƙofar ɗakin da asuba, kafin minti biyar sai ka ga layin zafi ya gangara, layin wutar ƙiristal ya bi shi. Na ari tsohuwar kular abincin uwargida, na huda gefe na zura wayoyi, na sa akwatin a ciki da murfin a ɗan ɗage don kada ya dahu. Layin ya kwanta. Ita kuma har yau tana tambayar kularta.

Don haka uku da rabi nake ba ta, kuma rabin nan ya danganta da ranar da aka tambaye ni. Wanda zai ɗora ta a ƙasar nan, ya kunna rubuta fayil tun kafin ya kalli komai, ya sa akwatin da kwamfutar a kan batir, kuma kada ya yanke wa akwatinsa hukunci da abin da ya gani tsakanin Isha'i da tsakar dare. Na je na ba Alhaji haƙuri, na ce ya mayar da janaretansa inda yake. Ya yi dariya ya ce ai can ɗin ya fi masa, hayaƙi ya daina shiga ɗakin Hajiya. Mai kayan na tura masa ban haƙuri sau biyu, ya karanta, bai amsa ba.

Makon jiya kuma ƙaramin ɗana ya samu laftof ɗin a buɗe ya daddanna abin da ya daddanna. Ashe manhajar tana da agogo mai kukan tsuntsu. Ƙarfe biyun dare muka ji kuku, kuku daga ɗakin aiki, uwargida ta tashi tana salati. Na rage sautin kwamfutar gaba ɗaya na koma na kwanta, harafin da ke kashe shi kuwa sai ranar Lahadi zan zauna in nema.